Farautar Ajiya: Yadda Ake Yin Ta Da Ladubban Da Ke Cikinta

Akwai wani wasa da ɗimbin mutane ke yi a duniya, wanda ko a gabanka ake yin sa da wuya ka lura. Mutum za ka gani zaune a kan benci a bakin hanya kamar mai ɗaure igiyar takalmi, alhali hannunsa na lalube a ƙarƙashin bencin. Can sai ya zaro wata 'yar roba, ya buɗe, ya warware takardar da ke ciki, ya rubuta suna da kwanan wata, ya mayar da ita mazauninta, ya kama gabansa. Ko kwabo bai samu ba, amma ya tafi cike da farin ciki. Turawa na ce wa wasan jiyokashin. Ni farautar ajiya nake kiransa, don kuwa ma'anar ke nan: wani ya ajiye, ya sanar da lambobin wurin, kai kuma ka bi sawu da wayarka har ka gano.

Tushen abin taurarin ɗan Adam ne na GPS, mallakar sojan Amurka, masu shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa. Shekara da shekaru gwamnatin Amurka da gangan take dagula saƙon da farar hula ke samu daga gare su, har na'ura kan kauce wa wuri da mita 100. Shugaba Bill Clinton ne ya ba da umarnin a daina, aka cire takunkumin ranar 2 ga Mayun 2000, kuskuren ya ragu kusan ninki 10. Washegari wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya ce bari ya gwada ya gani. Ya samu baƙin bokiti, ya zuba littattafai da kaset na bidiyo da gwangwanin wake da danƙon harbi da 'yan kuɗi, ya haɗa da littafin rubutu da abin rubutawa, ya kai daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, sannan ya baza lambobin wurin a intanet. Sharaɗinsa shi ne wanda ya ɗauki wani abu ya bar wani a madadinsa. Wani Mike Teague ne ya fara ganowa. Kafin watan ya ƙare Matt Stum ya raɗa wa wasan sunan da yake amsawa yau, a ranar 2 ga Satumba kuma Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com da ajiya 75 kacal. Yanzu sun haura miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190, Amurka da Jamus ne a kan gaba. Har a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa akwai guda, wadda Richard Garriott ya kai a 2008. Wata kuwa da ake kira Mingo, a jihar Kansas, tun 11 ga Mayun 2000 take nan, har gobe ana zuwa ana sa mata hannu.

Mutanen Ingila kan ce ai su sun daɗe da irin wannan, kuma da gaskiyarsu. Tun 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool da ke tsaunukan Dartmoor, don duk wanda ya iya kai kansa can ya bar katinsa a ciki.

Abin lura a bokitin Ulmer shi ne ba shi da kwaɗo, ba shi da maigadi. Mutum ya sayi kaya da kuɗinsa, ya ajiye a fili, ya sanar da duniya inda suke, ya koma gida ya kwanta, ya dogara ga mutuncin baƙin da bai taɓa gani ba. Amana ce zalla. Duk ladubban da zan zayyana a nan daga wannan amanar suka tsiro, kuma wanda ya riƙe ta ko ba a karanta masa doka ba zai san abin da ya dace.

Shiri kafin fita

Kayan aikin ba su da yawa. Waya mai GPS ta wadatar. Ka buɗe rajista a shafin, kyauta ne, ka zaɓi laƙabin da za ka riƙa sa hannu da shi. Ka zaɓi gajere, domin wata takardar faɗinta bai kai na yatsa ba. Sai ka sauke manhajar Geocaching, ko kuma c:geo idan wayarka Android ce, wadda 'yan sa-kai suka ƙirƙira. Manhajar Geocaching, ta kamfanin da ke da shafin, kan taƙaita wanda bai biya kuɗin shekara ba ga ajiyoyi masu sauƙi, kuma ga sabon shiga wannan ba asara ba ce.

Biro shi ne abu na farko da za ka jefa a aljihu, don ƙananan ajiyoyi ba su da wurin sa abin rubutu. Ka haɗa da hantsaki na zaro takardar da ta maƙale, da 'yar tocila, da ƙaramin madubi na leƙa ƙarƙashin abu, da safar hannu, da ruwan sha. GPS na shan caji ƙwarai, saboda haka ka fita da waya a cike. Idan daji za ka shiga, ka sauke taswira da bayanan ajiyar tun kana gida, ka sanya alamar inda ka ajiye mota ko keke, ka kuma gaya wa wani inda ka nufa.

Daga nan sai karatu, kuma a nan mafi yawan sababbi ke yin gaggawa. Kowace ajiya na da shafinta, kuma rabin nema a karanta shi yake. Za ka ga lambobin wuri a rubuce kamar haka: N 12° 00.000 E 008° 31.000, wanda ya faɗo wajajen birnin Kano. N arewa ke nan, E gabas, lambar farko digiri ce, ta biyu minti ne da ɓurɓushinsa. Lamba ɗaya ta ƙarshe kusan mita 2 ce a ƙasa. Ka kiyayi cakuɗa wannan tsari da na taswirar Google, wadda ke rubuta digiri da ɗigo kawai. Digiri 12 da minti 30 daidai yake da 12.5, amma wanda ya shigar da shi a matsayin 12.30 ya kauce da kimanin kilomita 22.

Za ka kuma ga taurari kala biyu, kowanne daga 1 zuwa 5, da rabi-rabi a tsakani. Na farko na nuna wuyar ganowa, na biyu na nuna wuyar hanya. Tauraro 1 a hanya na nufin ko mai keken guragu zai isa, 5 kuwa sai da kayan aiki na musamman: kwalekwale, igiyar hawa, ko kayan nutso. Idan aka haɗa matakan biyu ana samun nau'i 81, kuma akwai masu shafe shekaru suna neman cika su duka. Kai dai ka fara da wadda ba ta wuce 2 ba ta kowane ɓangare.

Girma ma a rubuce yake. Akwai wadda ba ta wuce kan ɗan yatsa ba, mai maganaɗisu. Akwai mai girman robar magani, akwai kamar kwanon abincin ɗan makaranta, akwai akwatin harsashi na soja wanda aka daina amfani da shi, akwai kuma bokiti sukutum. Shawarata ita ce goma na farko ka nemi matsakaita. Ƙananan nan kan karya wa sabo gwiwa, yara kuma babu abin da za su samu a ciki.

Ta fuskar iri, wadda aka fi sani ita ce ta kai tsaye: robar na nan a daidai lambobin da aka rubuta. Sai mai zango-zango, inda wurin farko zai ba ka lambobin na biyu, wataƙila daga shekarar da aka rubuta a jikin wani gini ko adadin tagoginsa. Sai mai kacici-kacici, wadda lambobin da ke shafinta na bogi ne, sai ka warware wata matsala tukuna ka samu na gaskiya, waɗanda a ƙa'ida ba sa wuce kilomita 3.2 daga na bogin. Akwai kuma EarthCache, da aka faro a 2004 tare da ƙungiyar masana duwatsu da ƙasa ta Amurka. Ita babu roba ko kaɗan, za ka je ne ka duba wani dutse ko kwari ko maɓulɓula, ka amsa tambayoyi, ka aika wa mai ita. Kafin ka ɗaura takalmi ka duba rahotannin mutanen da suka je a baya-bayan nan. Idan huɗu ko biyar a jere sun ce ba su gani ba, ka nemi wata.

Mita goma na ƙarshe

Waya za ta kai ka unguwa, ba za ta kai ka ƙofa ba. A sarari fetal kuskurenta kan kai mita 5, a ƙarƙashin itatuwa ko tsakanin dogayen benaye ya fi haka, ga kuma kuskuren na'urar wanda ya ajiye. Don haka da zarar ta nuna saura mita 10 ko ƙasa, kibiyar ta fara rawa tana nuna gabas tana nuna yamma, ka sa ta a aljihu. Daga nan aikin ido ne da tunani.

Na farko da na taɓa nema a Ingila ne, a gefen wani tsohon magudanin ruwa, tare da wata dattijuwa maƙwabciyata da ta daɗe a harkar. Na yi ta kai da komo ina kallon waya, ita kuwa tana tsaye ta harɗe hannu tana kallon wurin. Da ta ga na gaji sai ta ce in tsaya cak, in tambayi kaina: da ni ne mai ɓoyewa, ina zan sa? Ban yi minti biyu ba na hango wasu 'yan itatuwa uku jere reras a gindin kututture. Iska ba ta jera itace haka. Ina ɗagawa sai ga roba. Har yau da wannan tambayar nake aiki.

Abin da kake nema shi ne abin da bai dace da wurin ba. Dutse ɗaya a kogon bishiya. Tarin tsakuwa inda babu dalilin tsakuwa. Noti a jikin ƙarfe wanda ba ya riƙe da komai, ko wanda fentinsa ya fi na 'yan uwansa sabunta. Masu ɓoyewa na da dabara iri-iri: dutsen roba mai rami a ciki, katantanwar bogi, gidan tsuntsu da ba tsuntsu a cikinsa, reshen da aka rarake aka mayar. A cikin gari mafi yawa maganaɗisu ne, a bayan allon hanya, ƙarƙashin benci, ko jikin shingen ƙarfe. Ka duba sama ma. Mutane kan manta da sama, su yi ta tonon ganye alhali abin na rataye daidai goshinsu.

Idan abin ya faskara, akwai ɗan haske da mai ajiya kan bari. A shafin za ka gan shi a hargitse, domin an gusar da kowane harafi da matsayi 13, A ta koma N, B ta koma O, don kada idonka ya faɗa kai ba da niyya ba. Taɓawa ɗaya ke warware shi. Babu abin kunya a duba shi, amma ka ba kanka ko da minti goma tukuna, saboda daɗin yana cikin ganowa da kanka.

Ga wata ƙa'ida da za ta hutar da kai, ta hutar da wurin: ba a binne ajiya. Dokar wasan ta hana, duk da cewa bokitin farko an ɗan tura shi cikin ƙasa. Idan ka ga kana bukatar haƙa, ko ɓalle katako, ko kwance abin lantarki, ko tumɓuke shuka, to ba nan take ba. A Birtaniya ma ba a yarda a ɓoye a cikin katangun dutsen nan da aka jera ba siminti ba, saboda masu nema kan zare duwatsu katanga ta rushe, alhali wasunsu sun haura shekara ɗari. Duk dutsen da ka ɗaga ka mayar da shi yadda yake. Kuma kada ka zura hannu a rami kafin sanda ta riga ka shiga. Rina da maciji da fasasshiyar kwalba ba su san kana wasa ba. A dazukan Turai da Amurka akwai kaska mai ɗauke da cutar Lyme, don haka ka sa dogon wando, in ka dawo ka duba ƙafafunka da kyau.

Idon jama'a

'Yan wasan na kiran wanda bai san da harkar ba da suna magul, kalmar da suka aro daga littattafan Harry Potter, inda take nufin mutumin da ba shi da sihiri. Ana son kada magul ya ga inda ka zaro ajiya, domin yana iya zuwa bayanka ya ɗauke ko ya zubar, ba don mugunta ba, don bai san mece ce ba. Idan akwai mutane kusa, ka jira. Idan ka riga ka ɗauka, ka matsa gefe ka sa hannu, sannan ka dawo ka mayar in ido ya ɗauke. Idan wurin ya ƙi yin sarari, ka haƙura ka dawo wata rana.

Sai dai a nan ina da saɓani da wasu 'yan wasan. Suna mayar da abin kamar aikin leƙen asiri, suna sanɗa suna waige-waige, kuma wannan shi ya fi jawo zargi. A watan Yulin 2011, a garin Wetherby na Ingila, an ga wani mutum yana cusa roba a ƙarƙashin tukunyar furanni a tsakiyar gari. Aka kira 'yan sanda, aka rufe titi na sa'o'i, masu shaguna suka yi asarar ciniki, sojoji masu kwance bam suka zo suka tarwatsa robar. Ajiyar wasa ce. Kai rahoton ba laifi ba ne, abin da ya kamata a yi ke nan.

Wannan ya fi shafar mu da muke baƙi a ƙasashen Turawa, kuma gara in faɗa a fili. Baƙar fata da aka gani yana lalube a bayan gini ko cikin shuke-shuke ba kallo ɗaya za a yi masa da ɗan gari ba. Ka fita da rana. Ka tafi da aboki ko da iyali idan da hali. Ka bar ajiyar da ke kusa da makarantar yara, ko filin wasansu, ko tashar jirgi, ko ginin gwamnati, ko da kuwa an wallafa ta. In ɗan sanda ko maigadi ya tambaye ka, kada ka yi ƙarya, kada ka yi kwana-kwana. Ka gaishe shi, ka nuna masa manhajar, ka bayyana masa wasan. Sau biyu hakan ta faru da ni, kuma a na biyun maigadin da kansa ya taya ni nema. In mai wuri ya ce ka fita, ka ba shi haƙuri ka fita, sannan ka sanar da mai ajiyar.

Idan ka samu

Kafin ka taɓa, ka kalli yadda take zaune, don haka za ka mayar da ita. Ka buɗe, ka sa laƙabinka da kwanan wata a layi na gaba, kada ka cinye rabin shafi a takardar da mutum ɗari ke jira. Sa hannun nan shi ne shaida. Wanda ya hango roba a saman bishiya bai hau ba, bai samu ba. Mai ajiya na da ikon goge rahoton duk wanda babu sunansa a takarda.

Manyan ajiyoyi kan ƙunshi 'yan tarkace: motar wasa, maɓallin ado, mariƙin makulli, kuɗin wata ƙasa. In ka ɗauka, ka bar abin da ya kai shi daraja ko ya fi shi. Wannan ƙa'ida ce mafi sauƙi, ita ce kuma aka fi karyawa. Akwatin da aka cika da kaya masu kyau, bayan wata shida sai ka tarar da murfin kwalba da tsohon tikitin mota da tsakuwa. Ka tuna yaro ne zai buɗe bayanka, ya sha tafiya da ɗoki. In ba ka zo da komai ba, kada ka ɗauki komai. Ba a sa abinci, ko alewa ce, ba a sa sabulu ko turare, domin dabbobi na bin ƙamshi su tattauna robar. Ba a sa wuƙa, ashana, magani ko harsashi. Ajiya kuma ba dandalin talla ko kamfen ba ce.

Wani lokaci za ka tarar da ɗan ƙarfe irin wanda soja ke ratayawa a wuya, da lamba a jiki, ɗaure da 'yar tsana ko makulli. Sunansa Travel Bug. Akwai kuma mai siffar tsabar kuɗi, wanda Jon Stanley ya fara bugawa a 2001. Waɗannan ba na musaya ba ne, matafiya ne masu iyayengiji. Kowanne da burinsa a rubuce a shafinsa: wani a kai shi teku, wani ya zaga ƙasashe ya komo gida. Idan ka ɗauka, ka shigar da lambarsa don a san yana hannunka, ka sauke shi a wata ajiya cikin mako biyu. Kada ka ɗauki hoton da lambar ta fito, domin akwai masu kwafe ta su yi rahoton ƙarya. Da yawansu na yara ne 'yan makaranta da ke bin tafiyarsu a taswira. Wanda ya jefa irin wannan a aljihun jaka ya manta ya ci amanar yaro.

Ka rufe murfi har sai ya kama, ka tabbata ledar ciki ba ta maƙale a baki ba, don ta nan ruwa ke shiga. Ka mayar daidai inda ka ɗauka. Kada ka ce ka ga wurin da ya fi, ko kuma wayarka ta nuna mita 4 can gefe. In kowa ya gusar da ita taku ɗaya, kafin shekara ta bar unguwar.

Rahoto

Bayan ka dawo za ka rubuta rahoto a shafin ajiyar, kuma a nan ne aka fi samun muhawara. Da yawa haruffa huɗu kawai suke bugawa, TFTC, wato taƙaitacciyar godiya da Turanci, su wuce. Hujjarsu ita ce sun samu talatin a yini, ba za su iya rubuta wa kowacce labari ba. Ni ban gamsu ba. Mai ajiya ba a biyansa. Shi ya nemi izini, ya sayi roba, yake zuwa cikin sanyi ya canja takardar da ta jiƙe. Ladansa kaf shi ne ya karanta abin da ya faru da kai a wurin da ya zaɓa. Layi uku sun isa: yadda ka iso, abin da ka gani, halin da ka tarar da robar. Amma kada ka tona asirin maɓoyar, da baki ko da hoto.

In ba ka samu ba, ka rubuta cewa ba ka samu ba. Akwai alamarsa ta musamman, shuɗiyar fuska, da haruffan DNF. Wasu na jin nauyin sa ta kamar faɗuwa jarrabawa ce, alhali ita ce hanya ɗaya da mai ajiya zai san ko kayansa sun ɓata. In ka tarar da murfi a fashe ko takarda ta zama kunu, akwai rahoton neman gyara. Mafi munin ɗabi'a a wasan nan, a ganina, ita ce mutum ya nema ya rasa, sai ya zaro tasa robar ya ajiye, ya sa hannu, ya ce ya samu. Abin da ya ajiye da hannunsa ya samu. Sau da yawa ta ainihin na nan lafiya lau, sai a wayi gari da roba biyu a wuri ɗaya, na baya su rasa wacce ce ta gaskiya.

Sauran saɓanin na ɗanɗano ne. Akwai masu son adadi, da ke bin hanyar da aka jera ajiyoyi ɗaruruwa a gefen titi. Akwai masu tashi tsakar dare don su zama na farko a sabuwar ajiya. Akwai masu tafiyar yini guda saboda guda ɗaya a kan tsauni. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma ban ga dalilin raina wani ba muddin ya sa hannu da gaskiya. Ni dai na fi son wadda ta kai ni wurin da ba don ita ba da ban taɓa saninsa ba.

In kana son ajiye taka

Kamfanin na ba da shawarar ka samu aƙalla 20 kafin ka ɓoye ta farko, kuma shawara ce mai kyau. Ka fara da tambayar kanka dalilin da zai sa ka kira mutum zuwa wannan wuri. In amsar ita ce kawai babu wata a kusa, bai isa ba. Dole ka samu izinin mai wurin. Dole ta yi nisan aƙalla mita 161 daga kowace ajiya. Ba haƙa, ba buga ƙusa a bishiya, ba fenti a dukiyar wani. Ka sa roba mai hana ruwa, ka rubuta a jikinta cewa ta wasa ce, ka ɗauki lambobin wurin sau da yawa a lokuta daban-daban ka fitar da matsakaici. Wani ɗan sa-kai mai tantancewa zai duba kafin a wallafa. Ana sa ran ta zauna aƙalla wata 3, kuma ta kasance kusa da inda kake zaune, don kulawa da ita na wuyanka. Ranar da ka gaji, ka rufe shafinta, ka je ka ɗauke robarka. In ka bar ta, shara ka zubar. 'Yan wasan ma tun 2002 suke da al'adar haɗuwa su kwashe shara a wuraren da suke nema.

A Nijeriya da Nijar ajiyoyin 'yan kaɗan ne, kuma mai son farawa a gida sai ya yi la'akari da inda yake. A wurinmu, wanda ya tsinci abu a ƙunshe cikin kogon bishiya da rubutu a ciki, sammu zai fara kawowa a ransa. Bayan shekarun tashin bama-bamai da Arewa ta gani kuwa, duk wanda ya ga ana cusa roba a lungu yana da cikakken haƙƙin yin kururuwa. Saboda haka kada ka kwaikwayi salon sanɗa na Turai. Ka yi amfani da roba garai-garai da ake ganin cikinta, ka rubuta bayani da Hausa a jiki, ka sa ta a wurin da ke da mai shi, kamar lambu ko harabar da maigadi ya san da ita. Ka je ka gaida mai unguwa ka yi masa bayani tun kafin ka ajiye. Ka nisanci kasuwa, tasha, masallaci, coci, makabarta da shingen jami'an tsaro. Ka tuna rana na fasa roba, gara na cin takarda, damina na cika rami. Wuri irin Dutsen Zuma ko duwatsun Kwatarkwashi kuwa ya fi dacewa da nau'in EarthCache, wanda ba ya bukatar a ɓoye komai.

Kai da ka karanta har nan, buɗe taswirar ka duba ko akwai ajiya kusa da kai, ko a garin da za ka je nan gaba. Ka zaɓi mai sauƙi, ka ɗauki biro, ka riƙo hannun ɗanka ko ƙaninka ku tafi tare. In kun samu ku mayar yadda kuka tarar, in kun dawo gida ku zauna ku rubuta wa mai ita abin da kuka gani.